Wutar da Ba Ta Hayaƙi

Shekara ashirin da shida
ni da ashana muke sallamar yini
a bayan makarantar nan ta Badulla.
Da an kaɗa ƙararrawar tashi
sai in tara abin da yara suka bari,
ragowar shinkafa a ganyen ayaba,
ɓawon kwakwa, dusar shayin malamai,
in ƙyasta, in ja da baya.
Hayaƙi ya hau tudun gonakin shayi
ya je ya tari jirgin ƙasa na yamma.

Sai ga Thushari, 'yar aji tara,
ta tsaya tsakanina da juji
ta ce, "Baba Periyasamy, ara mana sharar nan."
Na ce, "'Yata, ana aron tsani, ana aron gatari.
Wa ya taɓa aron abin da ba ya dawowa?"
Ta ce, "Zai dawo. Ba mu wata uku."

Su huɗu ne da fari.
Mathivanan ya jawo katakon mataccen benci,
Fazna ta rubuta wa bokiti biyu suna
da fentin da ya yi ta zubar hawaye:
mai ruɓa, da mai taurin kai.
Dineth bai kawo komai ba sai baki,
amma bakin ne ya buɗe ƙofar Madam Ekanayake.

Mako na biyu, wari.
Kai, wari!
Har ajin lissafi ya rufe tagogi.
Sun jibga jiƙaƙƙe a kan jiƙaƙƙe,
ga ruwan sama ba ya saɓa alkawarin la'asar.
Ƙudaje suka sha shagali.
Ni kuwa ina kan kututture
ina juya ashana cikin aljihu,
ina jiran su ce sun gaji.

Mako na uku, birai.
Suka diro ta katanga kamar masu bin bashi,
suka watsa aikin kwana ashirin kafin gari ya waye.
Na tarar da Fazna tana tsintar ɓawo ɗaya-ɗaya.
Ba kuka take ba,
leɓenta ne kawai ya ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Ban san abin da ya ɗaga ni ba.
Wataƙila mahaifiyata ce, mai tsinkar ganyen shayi,
wadda ko ɓawon albasa
sai ta kai shi ramin bayan ɗaki.
Na ce, "Busasshen ganye yake nema,
biyu busasshe, ɗaya ɗanye.
Ku riƙa juya shi duk Talata,
shi ma numfashi yake yi."
Na tono tsohuwar ragar kaji muka yi masa rufi.
Ganyen da nake shara tun ba a haife su ba
na tura musu baro bakwai.

Wata safiya mai raɓa
Mathivanan ya kama hannuna
ya cusa cikin tsibin har gwiwar hannu.
Zafi,
kamar cikin tukunyar da aka sauke yanzu.
Na leƙa, ba harshe, ba garwashi, ba toka.
Duk hidimar da na yi wa wuta
ban san tana da ƙanwa mai kunya ba,
mai cin abincinta baki rufe.

Wata uku da kwana tara,
na ƙirga, don ba na yafe bashi,
Thushari ta zo da gwangwanin madara.
Baƙar ƙasa ce ciki, mai laushin gari,
tana ƙanshin ruwan farko,
tana ɗaya tana miƙa a tsakiya kamar mai gida.
Ta ce, "Ga aronka."

Yanzu su talatin ne, har da 'yan aji biyu
masu jefa ledar alewa a bokitin da ba nata ba.
Wata gwanda ta tsiro a gefen tsibin,
ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya gayyace ta,
Dineth dai ya ce tasa ce.

Gwangwanin na juye shi gindin barkonona.
Ashana tana nan a aljihu.
Jiya na ciro ta zan kunna fitila,
na tarar ta sha danshi,
sai da na roƙi maƙwabciya wuta.